Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyara Wasan Kusa a Golf na Intanet Ga Sabon Shiga

Waɗannan amsoshi na wanda ya fara buga golf a waya ko kwamfuta ne, ya iya kai ƙwallo kusa da rami, amma daga nan sai lissafi ya dagule masa. Wasannin sun bambanta. WGT da Golf Clash da PGA Tour 2K da EA Sports PGA Tour, kowanne da irin maɓallansa da dokokin hannunsa. Sai dai duk abu ɗaya suke kwaikwaya, wato yadda ƙwallo take tashi, ta sauka, ta mirgina. Don haka galibin abin da ke nan zai yi aiki a kowannensu.

Mene ne wasan kusa, kuma daga ina yake farawa?

Duk bugun da za ka yi daga yadi 100 zuwa bakin rami, shi ake nufi. Ya haɗa da gajerun bugu daga gefen girin, wato wannan fili mai gajeriyar ciyawa da ramin yake ciki, da fito da ƙwallo daga ramin yashi, da kuma turi, bugun da ake yi da sandar fota don ƙwallo ta mirgina a ƙasa har ta faɗa. Faɗin ramin inci 4.25 ne, milimita 108 ke nan. Yadi ɗaya ƙafa uku ne, kuma ka riƙe wannan da kyau, domin wasanni da yawa suna nuna nisan bugun gefe da yadi, nisan turi kuma da ƙafa.

Me ya sa dogon bugu yake zuwar mini da sauƙi, amma a kusa nake zubar da maki?

Domin a dogon bugu wasan ya riga ya yi maka rabin aikin. Ya zaɓa maka sanda, ya gaya maka nisanta, kai kuma ka cika ma'aunin ƙarfi har ƙarshe ka saki. Ko ka kauce da yadi biyar, ƙwallon tana nan a kan hanya, wato gyararren filin da ya miƙe zuwa girin, ba wanda zai lura. A kusa kuwa ba kasafai ake samun cikakken bugu ba. Kusan kowane lokaci wani yanki na ƙarfin sanda kake buƙata, kashi 62 ko 47 cikin 100, kuma kuskuren yadi biyar a nan shi ne bambancin turi ɗaya da turi biyu.

A golf na zahiri labarin ya ɗan sha bamban. Mark Broadie na Jami'ar Columbia, wanda PGA Tour, ƙungiyar gasannin ƙwararrun 'yan golf ta Amurka, ta fara aiki da tsarin lissafinsa a kan turi a 2011, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na tazarar da ke tsakanin gwani da mai koyo daga dogon bugu take fitowa. Amma a can jiki ne yake bugu. A wasan intanet yatsa ne, kuma cikin ɗan lokaci kowa yake iya kai ƙwallo tsakiyar hanya. Abin da ya rage ya raba 'yan wasa sai ya koma kusa da rami.

Wace sanda ce wace a cikin gajerun sanduna?

Gajerun sandunan da ake kira weji huɗu ne, kuma kwanciyar fuskarsu ce ta bambanta su. Ta farko, wejin fic, tana tsakanin digiri 44 zuwa 48. Mai bi mata, wadda take cike giɓi, 50 zuwa 52. Wejin yashi 54 zuwa 56. Ta ƙarshe, mai cilla ƙwallo sama sosai, 58 zuwa 60 ko sama da haka. Iya kwanciyar fuska, iya tashin ƙwallo sama, iya kuma raguwar mirginarta bayan ta sauka. Doka ba ta yarda a ɗauki sanda fiye da 14 ba, kuma wasannin da suke bin dokar zahiri haka suke yi. Idan kana da zaɓi, ka ɗauki weji uku masu tazara daidai a tsakaninsu, kada biyu su zo suna yin aiki iri ɗaya.

Cif, fic, fulof: wanne zan zaɓa?

Cif gajeren tsalle ne da doguwar mirgina. Fic tashi ne madaidaici da 'yar mirgina. Fulof kuwa ƙwallo ce take miƙewa sama ta faɗo kusan a tsaye. Tsarin da ya fi tsare maka maki shi ne wannan: in fota za ta iya, yi turi; in ba za ta iya ba, yi cif; in akwai abin da ya tare hanya, yi fic; fulof sai idan babu wata mafita.

Dalilin mai sauƙi ne. Ƙwallon da take sama tana hannun iska da juyi, wato jujjuyawar da ita kanta ƙwallon take yi, da taurin wurin da za ta sauka. Ƙwallon da take ƙasa gangare kawai take bi, kuma gangare ana iya karanta shi tun kafin a buga. Ban da haka, duk bugun da ya fi tashi ya fi hukunta kuskuren hannu. Ka ɗan makara wajen danna maɓalli a cif, ƙwallon ta kauce kaɗan. Ka yi wannan makarar a fulof, sai ka ganta ta faɗa cikin yashin da kake son tsallakewa.

Sababbin 'yan wasa suna son fulof domin yana da kyan gani, kuma a wasu wasannin yana tsayawa cak, har mutum ya ɗauka shi ne maganin komai. Ni dai ina ganin wannan babban tarko ne. Wanda ya dogara da fulof tun farko ba ya koyon yadda ƙwallo take mirgina, kuma ranar da ya hau mataki aka ba shi girin mai tauri da iska mai ƙarfi, ba shi da wani makami. Fulof yana da wurinsa: ramin yashi yana tsakaninka da tutar da ke nuna inda rami yake, tutar kuma tana dab da bakin girin, babu filin mirgina. Nan kam a yi shi.

Kada kuma ka raina fota daga wajen girin. Idan ƙwallon tana kan gajeriyar ciyawar gefe, ƙafa uku ko huɗu daga girin, turi mara kyau ya kan fi cif mara kyau kusa da rami. Sai dai ka ƙara ɗan ƙarfi, domin ciyawar gefe tana cin gudu. A filin St Andrews na Sikotlan, wanda yake cikin wasanni da dama, ƙasar tana da tauri da santsi har ana yin turi daga nesa da girin, kuma wannan ba abin kunya ba ne ko ga manyan 'yan wasa.

Ina ya kamata in sa ido lokacin da zan yi cif ko fic?

A wurin da ƙwallon za ta sauka. Wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Sabon ɗan wasa yana ganin yadi 20 zuwa tuta, sai ya buga ƙarfin yadi 20, ƙwallon ta sauka a gindin tuta ta wuce da yadi shida. Ya manta cewa tafiyar kashi biyu ce, ta sama da ta ƙasa, kuma ta saman ce kaɗai take hannunsa kai tsaye.

Ga yadda ake yi. Ka fara daga rami ka dawo baya da idonka. Ka tambayi kanka, in ƙwallo za ta mirgina ta mutu a ramin nan, daga ina ya kamata ta fara mirginar? Ka zaɓi wuri mai faɗin tabarma a kan girin, shimfiɗaɗɗe, kamar yadi ɗaya ko biyu daga bakinsa. Shimfiɗaɗɗe na ce, domin ƙwallon da ta sauka a kan tudu tana mutuwa nan take, wadda ta sauka a bayan tudu kuma tana ƙara wuta. Daga nan sai ka zaɓi sandar da mirginarta za ta cike sauran nisan.

Masu koyar da golf suna da wani lissafi da suke kira dokar 12. Ka raba nisan mirgina da nisan tashi, ka cire abin da ya fito daga 12, lambar da ta rage ita ce sandar ƙarfen da za ka ɗauka. A ce yadi 3 ne zuwa wurin sauka, yadi 9 daga nan zuwa rami. Tara raba uku ya ba da 3, cire 3 daga 12, saura 9, sandar ƙarfe mai lamba 9 ke nan. Ba kowane wasa ne yake barin a yi cif da kowace sanda ba, kuma lambobin suna motsawa da gudun girin, amma tunanin da ke ciki daidai ne: wurin sauka ɗaya, sanda ce take canzawa.

Wanda yake son ganin wannan a aikace ya nemi bugun Tiger Woods a rami na 16 a filin Augusta, ranar ƙarshe ta gasar Masters ta 2005. Ƙwallonsa tana bayan girin ta hagu. Bai nufi tuta ba sam. Ya sauke ta can sama da ramin, a kan gangare, ta yi kamar za ta tsaya, sannan ta karkata dama ta fara saukowa a hankali, ta zo bakin rami ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta faɗa. Duk abin da ya faru bayan saukarta gangare ne ya yi. Aikinsa shi ne zaɓen wurin.

Yaya zan san ƙarfin da zan ba kowane bugu?

Da rubutu. Babu gajeriyar hanya a nan. Nisan da wasan ya rubuta a jikin sanda na cikakken bugu ne, a fili shimfiɗaɗɗe, babu iska. Rabin ma'auni ba lallai ya ba da rabin nisa ba. A ce wejinka mai yadi 80 ce, kana son yadi 52. Lissafi zai ce kashi 65 cikin 100. Ka gwada, mai yiwuwa ka ga 48 ko 55, gwargwadon wasan da irin ƙwallonka.

Shiga wurin atisaye, ka kashe iska in ana iya kashewa. Ɗauki weji ɗaya. Buga a kashi 100, da 90, da 80, har zuwa 50, kowanne sau da dama, ka watsar da waɗanda hannunka ya kauce. Ga kowane mataki ka rubuta lambobi biyu: inda ta sauka, da inda ta tsaya. Lambar farko ce ta fi daraja, domin ita ba ta damu da gudun girin ba. Sai ka maimaita da sauran weji, sannan da cif da fic. Aikin zama ɗaya ne ko biyu, kuma daga ranar ka daina cinta.

Za ka lura da wani abu a cikin jadawalin: bugun da ke tsakanin kashi 80 zuwa 100 ya fi tsayawa kan lamba ɗaya, na kusa da rabi kuwa yana yawo. Saboda haka a rami mai tsawo, inda dole ka ajiye ƙwallo kafin girin, kada ka ce sai ka matso iya matsowa. Ka ajiye ta a nisan da wejinka take bugawa cikakke. Yadi 80 da ka sani ya fi yadi 43 da ba ka taɓa aunawa ba.

A turi, ƙarfi ya fi muhimmanci ko saiti?

Ƙarfi. Saitin ma ƙarfi ne yake yanke shi, domin ƙwallo mai gudu ba ta lanƙwasa sosai, mai tafiya a hankali kuwa gangare yana juya ta yadda ya so. Ba za ka iya cewa "zan nufi inci goma dama da rami" ba sai ka riga ka yanke irin gudun da za ta tafi da shi.

Ka duba turi ukun da kake yi a rami ɗaya. Ba kasafai za ka ga kuskuren gefe ne ya jawo ba. Ko dai na farko ya tsaya ƙafa shida kafin rami, ko ya wuce da ƙafa takwas. Dave Pelz, masanin kimiyyar fiziks da ya bar aiki a NASA ya koma binciken golf, ya ce gudun da ya fi dacewa shi ne wanda in ƙwallo ta kuskure ramin za ta wuce da kamar inci 17. Ƙwallon da ba ta kai ba ba ta da damar shiga, wadda ta wuce da yawa kuma ko ta taɓa bakin rami sai ta zagaya ta fita.

Ka kuma rage wa kanka buri. 'Yan wasan PGA Tour, waɗanda wannan ne abincinsu, kusan rabin turin ƙafa 8 kawai suke ci. Daga ƙafa 30 aikinka shi ne ka bar ƙwallo cikin ƙafa biyu ko uku da rami. In ta faɗa, riba ce.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: a wasanni irin WGT fota tana da ma'auni fiye da ɗaya. Ka zaɓi mafi ƙanƙanta da zai kai. Turin ƙafa 12 a ma'aunin ƙafa 30 ya fi sauƙin aunawa da ido fiye da a ma'aunin ƙafa 60, inda ɗan motsin yatsa yake zama ƙafa biyu.

Yaya ake karanta layukan da suke fitowa a kan girin?

Ragar da wasan yake shimfiɗawa tana da ɗige-ɗige ko layuka masu tafiya. Inda suka nufa can ne gangare, saurinsu kuma shi ne tsananinsa. A wasu wasannin launi ma yana taimakawa.

Kada ka ba dukkan layukan daraja ɗaya. Na kusa da ƙwallonka ba su da tasiri sosai, domin a nan tana da gudu. Na kusa da rami su ne masu iko, domin a nan ta gaji. Idan rabin farko yana karkata hagu, rabin ƙarshe yana karkata dama da tsanani ɗaya, to dama ce za ta yi rinjaye. Ka juya kyamara ka kalli turin daga bayan rami in wasan ya ba da dama. Sau da yawa daga can ake ganin lanƙwasar ƙafafu ukun ƙarshe.

Idan kana shakka, ƙara lanƙwasa. Masu koyo galibi ta gefen ƙasa suke kuskure ramin, wato ba su ba gangare haƙƙinsa. Ƙwallon da ta bi ta sama tana matsowa kusa da rami yayin da take mutuwa. Wadda ta bi ta ƙasa nisa take ƙarawa.

Hawa da sauka fa, nawa zan ƙara ko in rage?

'Yan wasa da yawa suna farawa da wannan ƙiyasi: kowane inci ɗaya na hawa, ƙara ƙafa ɗaya, kowane inci ɗaya na sauka, rage ƙafa ɗaya. A ce turin ƙafa 20 ne da hawan inci 4. Ya zama 24. Ƙara ƙafa ɗaya don ta wuce ramin, 25. A ma'aunin ƙafa 30, kusan kashi 83 ke nan. In sauka ce ta inci 4, ya zama 16, da ƙari ɗaya 17. Ƙiyasi ne na farawa, za ka gyara shi da abin da idonka ya gani, musamman a sauka kan girin mai santsi, inda ragin ya kan fi haka.

Turin sauka ya fi lanƙwasa, domin a hankali ake buga shi. Na hawa ya fi miƙewa, kuma ana iya buga shi da ƙarfin zuciya. Wannan ya sa tun daga cif ya kamata ka yi tunanin inda kake son ƙwallon ta tsaya in ba ta shiga ba. Ƙafa biyar a ƙasan rami ta fi ƙafa uku a samansa.

Me ake nufi da gudun girin, kuma me ya sa turina yake canzawa daga fili zuwa fili?

Ana auna shi da wani ɗan kwararo da ake kira Stimpmeter. A ɗora ƙwallo a kai, a ɗaga har ta gangaro, a auna ƙafa nawa ta mirgina a shimfiɗaɗɗen wuri. In ta yi ƙafa 10, gudun girin 10 ne. Edward Stimpson ne ya ƙirƙiro shi a 1935, bayan ya kalli gasar US Open a filin Oakmont, wanda har yau ya yi suna wajen santsin girin. A manyan gasa na yau lambar ta kan kai 11 zuwa 13.

Wasanni suna kwaikwayon wannan. Wasu da lamba suke nunawa, wasu da suna, daga mai nauyi zuwa na gasa. Ka duba kafin ramin farko, kowane zagaye. Girin mai santsi yana buƙatar ƙarancin ƙarfi da ƙarin lanƙwasa, kuma cif ɗinka ma zai fi mirgina. A WGT gudun girin yana ƙaruwa yayin da kake hawa mataki, shi ya sa mutum ya kan ji kamar hannunsa ya lalace bayan ƙarin girma, alhali ƙasar ce ta canza.

Shin in riƙa sa juyin baya a kowane bugu?

A'a. Juyin baya yana tsayar da ƙwallo, amma yana canza nisan tashi, yana kuma ƙara wa iska iko a kanta. A cikakken bugun weji zuwa tutar da ke gaban girin yana da amfani. In tutar tana can baya, ko girin yana gangarowa wajenka, cikakken juyi zai iya jawo ƙwallon ta dawo baya ta bar ramin. A cif kuwa mirgina kake nema, don haka bar juyin a tsakiya. Tun da farko ka zaɓi saiti ɗaya ga kowane irin bugu, ka auna jadawalinka da shi, ka zauna a kai. Mai canza juyi da ƙarfi da sanda a lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi aiki ba.

Iska tana shafar gajeren bugu?

Tana shafar duk abin da ya tashi sama. Cif kusan bai san da ita ba, fic yana jin ta kaɗan, cikakken bugun weji da fulof suna jin ta sosai. Iskar gaba tana rage nisa fiye da yadda iskar baya take ƙarawa, tana kuma tsayar da ƙwallo da wuri. Iskar baya tana sa ta mirgina fiye da yadda ka saba. In iska ta yi ƙarfi, ɗauki sanda mafi tsawo ka buga ƙasa-ƙasa. A Golf Clash, inda ake gyara iska da zobban da ke kewaye da wurin sauka, ka tuna cewa darajar zobe tana canzawa da sanda da kuma nisan da ka ja ta.

Na faɗa yashi ko doguwar ciyawa. Me zan yi?

Fara da duba lambar da wasan ya nuna ta mazaunin ƙwallo. Ita ce take gaya maka yawan ƙarfin da ciyawa ko yashi zai cinye. Sau da yawa tazara ce, ba lamba ɗaya ba, ma'ana ko ka buga daidai sakamakon zai iya bambanta. Daga doguwar ciyawa juyi yana raguwa, don haka ƙwallon za ta fito ta mirgina da yawa. Ƙara ƙarfi don ta fita, amma ka sauke ta da wuri.

A yashi doka ta farko ita ce fita da bugu ɗaya. Wejin yashi, wadda ake danganta siffarta ta zamani ga Gene Sarazen, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya da ita a 1932, an yi ta ne da faffaɗan gindi don ta zame cikin yashi ba ta nutse ba. Duk da haka gwanayen PGA Tour kusan rabin lokaci ne kawai suke fita su ƙarasa da turi ɗaya. Kai da kake koyo, tsakiyar girin ya ishe ka. Ka kalli tsayin bangon ramin kafin ka zaɓi sanda. A rami mai zurfi irin na gefen girin na 17 a St Andrews, wani lokaci hankali shi ne a fita ta gefe.

In cire tuta ko in bar ta?

Tun 2019 doka ta yarda a yi turi da tuta a cikin rami. Wasu wasannin su suke yanke wannan da kansu. In zaɓi yana hannunka, bar ta a cif mai gangarowa da gudu, domin za ta iya tare ƙwallon.

Na san abin da zan yi, amma hannuna yana kaucewa. Ina matsalar?

Ta iya zama kai, ta iya zama na'urar. A wasannin da ake danna maɓalli lokacin da alama ta iso layi, saurin dannawa yana kai ƙwallo hagu, makara tana kai ta dama, ga ɗan wasa na hannun dama. A PGA Tour 2K, inda ake ja da tura sandar na'urar wasa, saurin saukowa yana jan ta hagu, jinkirin saukowa kuma yana tura ta dama. Ka lura da gefen da kake yawan kaucewa. In gefe ɗaya ne kullum, gyaransa mai sauƙi ne.

In kuwa ma'aunin ne yake tsalle ko yake ɗan tsayawa, ba laifinka ba ne. Rufe sauran manhajoji, rage ingancin hoto a saitin wasan, kashe tsarin tanadin batir, kada ka buga wayar tana zafi. Santsin motsi ya fi kyan hoto amfani. Ka kuma riƙa zama iri ɗaya, riƙo iri ɗaya, yatsa ɗaya. Idonka ya tsaya a kan layin da alamar za ta iso, kada ya bi alamar tana tafiya.

Sayen sanduna da ƙwallaye masu tsada zai gyara mini wasan kusa?

Zai taimaka, amma ba a farko ba. Weji mai kyau tana ba da ƙarin juyi, wasu ƙwallayen kuma suna rage saurin ma'auni. Sai dai ba su karanta gangare, ba su zaɓen wurin sauka. Kuma duk lokacin da ka canza ƙwallo ko weji, jadawalinka ya tashi, sai ka sake aunawa. In za ka kashe wani abu, weji ce farko, sannan ka tsaya a kan irin ƙwallo ɗaya.

Tarihin wasan yana goyon bayan wannan. A wasan ƙarshe na gasar PGA ta 1938, Paul Runyan, ɗan ƙaramin mutum mai gajeren bugu, ya haɗu da Sam Snead, wanda yake wuce shi da nisa a kusan kowane rami. Runyan ya doke shi da tazarar ramuka 8 saura 7 a buga, da cif da turi.

Wane irin atisaye ya fi amfani ga mai ƙarancin lokaci?

Zaɓi fili ɗaya ka lazimce shi har ka san girin-girinsa. Sauya fili kullum yana da daɗi, amma ba ya barin ka gane ko kai ne ka inganta ko filin ne mai sauƙi. A cikin zagayen atisaye, ka riƙa kuskure girin da gangan: sau ɗaya hagu, sau ɗaya cikin yashi, sau ɗaya baya. Sannan ka yi ƙoƙarin ƙarasawa da bugu biyu.

Lambobi biyu kawai za ka riƙa ajiyewa bayan kowane zagaye: sau nawa ka yi turi uku, da sau nawa ka ƙarasa da bugu biyu bayan ka kuskure girin. Gwanayen duniya kusan sau shida cikin goma suke yin na biyun. Kai ka fara da rage na farkon, domin shi ya fi saurin sauka. In wasan yana da maimaicin bugu, kalli cif ɗinka daga gefe ka ga inda ta sauka da gaske, ba inda ka zaci ta sauka ba. Taimakon da wasan yake bayarwa, kamar layin da ke nuna hanyar turi, ka yi amfani da shi ta wannan hanya: fara yanke naka saitin, sannan ka kunna layin ka ga bambanci.

A karawa da mutum kai tsaye, agogo yana tafiya, sai in rikice. Yaya zan yi?

Ka yi wa kanka jeri ɗaya da ba ya canzawa: mazaunin ƙwallo, nisa da hawa, iska, wurin sauka, sanda, ƙarfi. Ka fara bin sa tun abokin karawarka yana bugu, domin wannan lokacin kyauta ne. In ƙwallonsa tana gefe ɗaya da taka, kalli yadda ta lanƙwasa a ƙafafun ƙarshe, ya karanta maka girin ke nan.

Halin ramin ma yana canza zaɓi. In shi ya faɗa matsala, kai bugu biyu sun ishe ka, to cif zuwa ƙasan rami da turi mai sauƙi. In kuwa turinka shi ne na raba rami, wato yin canjaras a ramin, kuskurensa kuma faɗuwa ce, babu amfanin barin ƙwallo a gaban rami: ƙara ƙafa ɗaya a lissafinka, rage lanƙwasa kaɗan, ka buga.